Kwana Ukkun Kawu Ishaku

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ishaku gyara a atiliyenmu, shagon gyara na Madawa, ya san farin sikoc ɗin nan na mannawa. Ko ordinatar ce, wato kwamfuta, ko wayar salula, ko batirin panno na hasken rana, da ya gama gyara sai ya yanki sikoc ya manna mata, ya aje ta bisa kanta. Kowace safiya in ta tashi lafiya, ya ja mata layi guda da biron bik. Sai layi ya cika ukku mai ita zai sake ganinta, ko da gwamna ne.

Ni Hannatu, ɗiyar ƙanwarshi, ni ke kula da abin da ke cikin na'ura, shi kuma da ƙarfenta. Na ukkunmu Malam Idi ne, abokinshi tun ƙuruciya, mai hawa rufin mutane shina kafa panno. Idi na fita salla, Kawu na tsare mishi kaya, haka munka zauna shekara da shekaru.

Wata rana wani malamin lakwal, makarantar boko, ya taso tun daga Bangi, wai ordinatar ta mutu. Kawu ya duba, ashe wayar caji ce ta saki. Ya tura ta, na'ura ta kama. Malam ya yi hamdala ya miƙo hannu, Kawu ya janye abarshi.

"To ai ta kama, Ishaku."

"Gabanka ta kama. Kunyarka ta ji. Bari ka ba da baya ka ga halinta."

Bawan Allah haka ya koma Bangi hannu rabbana, sai ran Alhamis ya dawo.

Aibin Kawu guda ne, bakinshi. Mutum dai bai taɓa zagi ba, ku shaidu ne. Amma in na'ura ta ƙi shi, sai ya bi danginta ɗaya bayan ɗaya har ƙasar da anka ƙera ta. A majami'a shi ke riƙe da sono, kayan lasifika, can baya wajen ƙofa. Wata Lahadi Pasto na tsakiyar addu'a, ampili, akwatin ƙara murya, ya ɗau kuka. Kawu ya manta da mikiro a buɗe gabanshi, ya duƙa ya gaya wa ampili ra'ayinshi game da uwarshi da kakarshi. Kowa ya ji, har masu saida albasa a bakin hanya. Mata sunka cusa baki cikin kallabi, Pasto ya ce amin tun bai kai rabi ba.

Mu dariya munka sha, shi kuwa abin ya ci shi ƙwarai. Lokacin sunanshi na cikin waɗanda za a yi wa baftisma, don tsaranshi an yi musu tun shina Yamai wajen koyon aiki. Washegari ya je ya ce a cire shi.

"Pasto, ba a miƙa wa Mai kaya kayan da ba su ci gwaji ba. Bakin ga nawa bai gyaru ba."

Pasto ya yi lallashi, ya buɗe Littafi, ya rufe, a banza. Kawu ya dawo atiliye ya yanki sikoc ya manna bisa aljihun rigarshi. Kwana ukku ba zagi, sannan ya shiga ruwan baftisma.

Jama'a, shekara goma sha ɗaya munka yi muna kallon aljihun nan. Layi guda shina samuwa. Na biyu ma, in kuran, wutar lantarki, bai yi wasa ba. Na ukku ne ya gagara.

Sau ɗaya munka kusa, a ƙauyen Deule. Mun je kafa panno gidan wani mai shago, Kawu na da layi biyu, saura rana ta faɗi a ja na ukku. Tun safe ya saka turnabis, ƙarfen kwance kusoshi, tsakanin haƙora don kada kalma ta kuɓuce. Mun jingina panno sabo dal a gindin katanga, sai ga akuya ta dire bisa shi da ƙafa huɗu, ji kake ƙaras. Ni da Idi munka daskare. Kawu ya cire turnabis, jijiyar wuyanshi ta miƙe, ya dubi akuya ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Na yi guɗa, Idi ya ɗaga hannu sama. Sai munka ga Kawu shina ɓare sikoc.

"Kai kuma mi ya faru?" in ji Idi.

"A zuci na kai ga kakarta."

Abin da ba mu yi wa dariya ba shi ne ranar jibin Ubangiji. In anka zo da gurasa da ƙoƙo wajen tebirin sono, sai Kawu ya sunkuyar da kai kamar mai neman wata waya, tunda ba a yi mishi baftisma ba. Matarshi, Tanti Rahila, ita kaɗai take ci, kuma sau da yawa na ga tana share ido. Da likita ya ce zuciyarshi ta kumbura, ta roƙe shi har da durƙuso. Ya ce mata, "Rahila, yanzu ma da na kusa zuwa gabanshi za ni je da aikin gaggawa?" Ni dai na ji tsoro, kada mu bizne shi da layi biyu.

Sai ga wata tsohuwa daga Sabon Gida da salula ƙulle cikin tsumma. Kawu ya buɗe, ƙamshin sabulu ya bugi hancinmu.

"Inna, mi kinka yi mata?"

"Ɗana, magana ce ta daina fita da ƙarfi. Na ga duk ta yi dauɗa da tsakin hatsi, na ji kunyar in kawo maka ita haka. Shi ne na wanke ta tas, na shanya."

Kawu ya dafa kai. "Inna, wa ya aike ki? Da dauɗarta nike sonta. In kin iya gyara, mi ya kawo ki wajena? Ki kawo abu yadda yake, sauran aikina ne."

Malam Idi na gefe shina fiƙe waya, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ishaku, sake faɗi in ji. A hankali."

Kawu ya buɗe baki zai maimaita, sai ya tsaya. Ya dubi Idi, ya dubi aljihunshi. Tsohuwa ta tambaye ni ko ciwo ne ya tashi. Kawu ya hau moto ya nufi gidan Pasto, ya bar ni da Inna da salula mai ƙamshi.

An yi baftisma a tabkin bayan gari, ƙarshen damina. A bakin ruwa Kawu ya ce da ni, "Hannatu, har yau ban cancanta ba." Na ce na sani, ya dai shiga. Idi ma ya zo, ya tsaya nesa gindin bagaruwa, wai sai ya gani da idonshi.

Pasto ya nutsar da shi, ya ɗago shi, mawaƙa sunka ɗau waƙa. Sai munka ga Kawu shina laluben aljihun wando. Ya fiddo salula biyu na mutane, ruwa na tsiyaya. Suna kwana na biyu na gwaji, ya kasa barinsu ba mai sa musu ido. Waƙa ta mutu. Ya dube su, kuma wallahi gaban ikilisiya duka ya ambaci kakar ta farko. Idi ya zauna daɓas a ƙasa don dariya.

Kawu ya juya, fuskarshi ta faɗi, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Pasto, na ɓata. A sake?"

"Ba a sakewa, Ishaku. Ya karɓe ka da bakinka duka. Fito."

Bai fito nan da nan ba. Ya tsaya cikin ruwa har ƙugu shina kuka, ƙato da shi, salula guda a kowane hannu, mu kuma muna dariya muna kuka tare.

Wata bakwai ya yi bayan nan kafin ya rasu. Jibi na farko Tanti Rahila ta riƙe mishi ƙoƙon ya sha. Na ƙarshe a gida anka kai musu, shina kwance, ita ce kuma ta riƙe.

Ya Yesu Almasihu, ga Kawu nan mun miƙo maka shi yadda yake. Ka ba shi hutu a wurinka, ka riƙe hannun Tanti Rahila, ka sanyaya zuciyar Malam Idi. Mu da munka rage muna laɓe-laɓe don kunyar halinmu, ka ba mu ƙarfin matsowa. Amin.