Majanyin Mota

A duk shekarun da na yi ina aikin lafiya a karkara, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba da damina, da Saratu ta shigo ɗakin awo ba goyo a bayanta. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ku buɗe kunne, don wannan ba ya cikin abin da aka koya muku a makaranta.

Lokacin ma ina nan ƙaramin asibitinmu na wajen Kajiji, a ƙasar Shagari. Ni ce mataimakiyar incaj, wato mai bi wa shugaban asibitin, kuma rigakafi da awon yara duk a hannuna suke. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu tura shi babban asibiti a Sakkwato, sannan mu bi sawu mu ga ko an je. Bin sawun nan shi ne rabin aikin, ko da yake ba mai tambayar ki ko kin yi.

Saratu matar wani manomi ce, Bello. Ɗansu na fari, Umaru, an haife shi da ƙafafu a lanƙwashe, tafin na kallon juna. Ni na tura su Sakkwato. Maganin ba abin tsoro ba ne. Duk mako a miƙar da ƙafar kaɗan, a naɗe ta da filasta, wadda mutanenmu ke ce wa siminti, mako ya zagayo a cire a sake. Sharaɗinsa ɗaya, ba a fashi. In aka yi fashi ƙafar komawa take inda ta fito, yaro ya tashi yana taka gefen ƙafa har tsufansa.

Saratu ta raɓe a bakin ƙofa har mata suka watse, sannan ta matso.

"Malama Rabi, an hana tahiya," in ji ta.

"Wa ya hana?"

"Inna."

Inna Jumma ke nan, uwar mijinta. Ashe a dawowarsu ta uku, sun wuce Bodinga kaɗan, shanu suka faɗo kan kwalta, direba ya taka birki da ƙarfi. Umaru na kan cinyar kakarsa a baya. Ya kuɓuce mata, goshinsa ya bugi ƙarfen kujerar gaba. Allah ya tsare, ƙulu ne kawai ya fito. Amma suna isa gida tsohuwa ta jiƙa filastar ta kwance, ta ce an gama, gara mata gurgu mai rai.

Kun san al'adarmu. Ɗan fari ne, Saratu ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukarta ta yi gardama a kansa. Ranar ma cewa ta yi a gida za ta karɓo maganin ciwon kai. Ta gama ba ni labari idonta a ƙasa, ta ce, "Ƙahwar ɗan ga ta fara komawa."

Da la'asar na hau babur na tafi gidan. Ni kuwa kun san ni da baki, tun a hanya na shirya maganganu cike da ciki. Na tarar da Inna Jumma tana tsince wake, muka gaisa, na fara zuba. Ta bar ni na gaji don kaina.

"Malama, da hannuna biyu ni riƙe shi," ta ce. "Hannun ga sun goyi ɗiya takwas, ba wanda yat taɓa kuɓuce man. Wanga ya fita awa kifi. Kina iya rantse man ba ya sake faɗuwa?"

Ba zan iya rantsewa ba, don gaskiya ta faɗa. In mota na gudu aka taka birki, babu hannun da ke riƙe yaro, ko na ɗan dambe ne. Na ce ta ba ni zuwa mako mai zuwa.

Washegari na sami incaj ɗinmu, Malam Garba, na ce ina son ya ɗaga mini ƙafa ranar Asabar in shiga Sakkwato.

"Malama Rabi, mu namu turawa ne, kuma mun tura," ya ce.

"Ranka ya daɗe, mun tura, amma bai isa ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in je, shi zai riƙe ɗakin awo.

Kafin nan na buga wa ma'aikacin da ke naɗa wa Umaru filasta waya. Shi ya ce a nemi kujerar yara ta mota, ya kuma karanto mini abin da zan duba. Na ɗora Umaru a sikeli na san nauyinsa, don kujerun nan da nauyin yaro ake zaɓensu, ba da kyan launi ba. Bello ya ce in dai za ta sa tsohuwa ta yarda, shi zai saya.

Matsalarmu ta bambanta da ta mutanen birni. Su motarsu ɗaya, su ɗaura kujera su manta. Su Bello kuwa babur zai fito da su bakin kwalta, su shiga motar haya, su sauka su sake wata. Dole kujerar ta zama wadda mace za ta ɗauka da hannu ɗaya, kuma a iya ɗaura ta da bel ɗin kowace mota.

Ranar Asabar ni da Bello muka shiga kasuwa, wani mai shago ya fara fito mana da wata ƙatuwa mai gindi, kai ka ce kujerar aski. Bello ya ɗaga ta sai da ya yi nishi. Na ce a mayar. Ya kawo wata 'yar fallen matashi mara baya, ya ce ga mara nauyi, ko a jaka sai ta shiga.

"Wannan ta yaron da ya isa makaranta ce," na ce. "Namu ko zama bai iya ba."

Sai ya jawo wata ta gwanjo, ja, kyakkyawa, Bello har ya fara murmushi. Na kife ta, na yaye rigar, na bi robar da yatsa. Ga tsaga siririya a gefe, an shafe ta da gam. Rubutun da ake mannawa, mai nuna shekarar ƙira da nauyin yaro, an kankare shi.

"Haba Hajiya, ɗan tsagi ne," in ji shi.

"Ɗanka za ka sa a ciki?"

Ya mayar da ita inda ya ɗauko. Kujerar da ta taɓa shan bugu ta gama aiki, ko da ido bai ga komai ba, balle ga shi ido ya gani.

Wadda muka ɗauka ba ta da wani kyau, toka-toka ce. Amma sabuwa ce, da mariƙi kamar kwando, rubutunta na nan, nauyin Umaru ya faɗa ciki da sauran wuri. Maɗaurinta ya bi kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin cinyoyi, suka haɗu a maɓalli ɗaya. Na danna shi ya ce ƙyas, na ja da ƙarfina bai buɗe ba. Na tabbatar kuma akwai inda ƙafafu masu filasta za su miƙe.

Daga nan sai tasha, kuma can ne na sha dariya. 'Yan kamasho suka kewaye mu, wani na cewa, "Hajiya, sarauta anka ba jinjiri?" Na bi motoci ina leƙawa. Wasu an yanke bel ɗin baya, wasu an cusa shi ƙarƙashin kujera tun ranar da motar ta shigo ƙasar. Wani dattijon direba, Malam Isa, mai bin hanyarmu kullum, shi ya tausaya mini. Ya ɗaga kujerar baya ya zaƙulo nasa, duk ɓawon gyaɗa da ƙasa. Muka karkaɗe, muka zura ta inda aka yi alama, kujerar na kallon baya, na danna ta da gwiwa na ja bel ɗin. Na girgiza ta, ba ta motsa ba. Na sa Bello ya kwance ya ɗaura har sai da hannunsa ya faɗa. Na ce masa baya kullum, kada a kuskura a sa ta gaba. Malam Isa ya yarda ranar zuwansu mutum uku zai sa a baya maimakon huɗu.

Na koma ƙauye ina jin kaina, na ajiye kujera gaban Inna Jumma. Ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ba ku ɗaure man maigida awa akuyar kasuwa," ta ce. Maigida take ce wa jikan, irin wasan kaka. "Kuma Bello yac ce juya shi za ku yi, shi ba hanya baya. Mi yay yi muku?"

Na shiga bayanin wuyan jariri da nauyin kansa, yadda aka yi mini a waya. Ko gezau. Saratu na bakin murhu ta ba mu baya, amma na lura ta daina fifita wutar. Raina ya fara ɓaci, na ga wahalata za ta tashi a banza, ƙafar yaro kuma na can na komawa.

Ana haka sai maƙwabciyarsu ta sunkuya za ta ɗauki turmi, da goyo a bayanta. Ɗan ko motsi bai yi ba.

"Inna," na ce, "in za ki ja ruwa a rijiya, a hannu kike riƙe ɗa?"

"Wace mahaukaciya? Goya shi nikai."

"Da zane kaɗai?"

"Da majanyi mana."

"To ai shi ma ɗauri ne. Akuya kika mai da shi?"

Ta harare ni.

"Wannan majanyin mota ne, Inna. In kika yi tuntuɓe da goyo, bayanki ke tare shi, kansa da ƙirjinsa gaba ɗaya. In mota ta ci birki komai gaba yake yi, shi ya sa ake juya kujerar, bayanta ya tare shi kamar naki. Kuma in ya ba hanya baya, wa zai riƙa kallo? Ke da ke zaune gefensa, amaryarsa."

Maƙwabciyar ta tuntsire da dariya. Inna Jumma ta ja tsaki, ta ce a kawo jikan nata. Na kwantar da shi a ciki, na ɗaure. Ta zura hannu ƙarƙashin maɗaurin, ta dube ni.

"Wanga ɗauri na raggaye na. In majanyi na, da ɗa ya zame."

Ta zare bargon da na bari a bayansa, ta ja igiyar har maɗaurin ya kwanta lif a kafaɗarsa, ta gwada tsunkule shi da yatsu bai tsunkulu ba. Daidai abin da aka ce mini a waya, ita kuwa ba wanda ya faɗa mata. Ta rufa masa bargon ta sama, ta ce, "Yaushe ta tahiyar?"

Tafiyar farko da ni aka yi. Na ga kun zuba mini ido kuna jiran in ce an yi haɗari kujera ta cece shi. Ba a yi ba, kuma har aka gama ba a yi ba, alhamdu lillahi. Barci Umaru ya yi tun daga Shagari har Sakkwato. An sake naɗin daga farko saboda fashin da aka yi, daga baya aka ba shi takalma masu sanda a tsakani. Ko mako ɗaya ba su ƙara tsallakewa ba.

Wata rana motar Malam Isa ta lalace. Shi da bakinsa ya ba ni labari cewa tsohuwa ta tsaya bakin kwalta da kujera a hannu, mota na tsayawa ta leƙa, in ba bel ta ce, "Wuce, ba ka da majanyi." Har rana ta take kafin ta sami wadda ta yi mata. Ranar da na ji wannan, da kyar ƙafata ke taɓa ƙasa don alfahari.

Bayan kamar shekara biyu, ranar rigakafi, na ɗaga kai na ga Saratu da kujerar a ka, an wanke ta tas an naɗe da zane. Ta sauke ta ce Inna ta ce a ajiye nan, ko wani zai buƙata. A gabanta ga wani ɗan yaro yana ta tsalle a kan simintin ɗakin, tafin ƙafarsa biyu shimfiɗe a ƙasa. Ban gane shi ba sai da na ga idanun.

Muna cikin gaisawa ya fyalla da gudu ya nufi ƙofa, ga babura na wucewa a waje.

"Umaru!" Saratu ta ƙwala.

Sai ta toshe bakinta da mayafi, ta waiga ko wani ya ji. Mata sun riga sun watse, ni kaɗai ce a ɗakin. Tun da na san ta ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na yi kamar ina neman allura a cikin kwali, don ni ma idona ya kawo ruwa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in tsohuwa ta ce muku a'a, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Sau da yawa wani abu ta gani da idonta ya tsorata ta, kuma aikinku ne ku nemo amsar tsoron, ku kawo ta cikin maganar da ta sani. Kujerar na nan a sito, na duba shekarunta da saura. Duk wadda za ta tura jariri Sakkwato a cikinku ta zo in nuna mata ɗaurin, irin na Inna Jumma, ba nawa na raggaye ba.