Kalmar da Na Ɗauko daga Bakin Likita

Ko da zan manta komai na zamanmu a Narayi, ba zan manta shekarar da wata kalmar Turanci guda ɗaya ta jijjiga ni fiye da ciwon da ke jikina ba. A tsakiyar shekarun 1980 ne. Maigidana yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, ni kuma ina ɗinki a barandar gidan da muke haya. Mun daɗe da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Daga gida Filato, duk wanda ya zo Kaduna sai ya fara kallon cikina kafin ya kalli fuskata.

To sai ga cikin ya fara tasowa. Kada ku so ku ga murna. Matan zumuntarmu na coci suka fara tsokanata, maigida ya hana ni ɗaukar bokitin ruwa. Ni kaɗai na san akwai abin da bai yi daidai ba, domin jinin wata bai ɗauke ba, ƙaruwa ma ya yi, kuma ban taɓa jin motsi ba. Amma wa zai so ya ɓata wa kansa irin wannan farin ciki? Na ja bakina na yi shiru, har sai da jiri ya fara ɗibata a kan keken ɗinki, sannan na tafi asibiti ni kaɗai.

Likitar mace ce, ga layi har waje. Ta sa aka gwada fitsarina, ta kwantar da ni ta daddanna cikin, sannan ta juya ta yi wa nas magana da Turanci. Ni firamare kawai na yi, amma kunnena ya kama kalma ɗaya da ta maimaita: tumor. Ta dawo kaina ta ce da Hausa, "Madam, wannan ba juna biyu ba ne. Ki dawo da maigidanki mu yi magana." Da na tambaye ta a lokacin, na san za ta amsa mini. Amma kunya da baƙin ciki sun toshe mini baki. Na ɗaura zanena na fito.

A cikin bas ina ta maimaita kalmar a raina don kada ta ɓace mini. Da na sauka, na biya wajen wani mai kemis da muke sayen maganin zazzaɓi, na tambaye shi kamar ba ni abin ya shafa ba.

"Oga, mene ne tumor?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wa ke da shi? Kai, sorry fa. Ai kansa ke nan, ciwon daji. Shi ya kashe matar kawuna."

Na ce wata ce a ƙauyenmu. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba.

Yau idan na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin na riga na gama binne kaina. Na gaya wa maigida cewa likita ta ce ƙarancin jini ne kawai. Kirsimeti na matsowa, lokacin da kowane tela ke neman hannu na uku, ni kuwa na fara mayar wa mutane yadinsu, ina cewa aiki ya yi mini yawa. Gaskiyar ita ce ba na son in mutu da kayan mutane a hannuna. A coci idan aka fara waƙa, sai in riƙa tunanin wacce za su rera a kan gawata.

Maigida ba mai yawan magana ba ne, amma yana da ido. Wata ranar Asabar ya dawo daga aikin safe ya tarar ina miƙa wa wata mata leshinta ba a ɗinka ba. Ya bari ta fita, ya ja kujera ya zauna a gabana.

"Ke, tun da na aure ki ban taɓa ganin kin kori aiki a Disamba ba. Me likita ta ce?"

Nan kuka ya ƙwace mini. Na gaya masa babu ciki, na gaya masa kalmar, na gaya masa abin da mai kemis ya ce. Na zaci shi ma kukan zai yi. Sai ya ce, "Mai kemis ne ya duba ki? Wadda ta faɗi kalmar, ita za ta fassara ta. Litinin za mu koma."

Da muka shiga, kafin likita ta buɗe baki ya ce, "Likita, don Allah da Hausa, kuma a hankali. Matata ta ji kin ce tumor, tun ranar ba ta ƙara cin abinci na kirki ba."

Likitar ta cire tabarau ta dube ni. "Ashe kin ji? Me ya hana ki tambaye ni, 'yar'uwa?" Ta matso da kujerarta kusa da tawa. Ta ce tumor ba sunan ciwo ɗaya ba ne, abin da muke kira ƙari ne, wato duk wani nama da ya tsiro a inda bai kamata ba. Akwai mai zama wuri ɗaya, ya yi ta girma yana takura wa maƙwabtansa amma ba ya zuwa ko'ina. Akwai kuma mai yaɗuwa cikin jiki, shi ne kansa. "Naki a jikin mahaifa yake, kuma duk alamunsa na mai zama wuri ɗaya ne. Mata da yawa suna da shi. Ba zan rantse miki ba sai mun cire an gwada, amma ban ga dalilin da za ki daina cin tuwo ba."

Na ce, "Likita, wato ba kowane tumor ke kisa ba?"

Ta yi murmushi. "Kin ga, har kin iya amfani da kalmar."

Bayan sabuwar shekara aka yi aikin. Abokan aikin maigida biyu suka ba da jini, matan zumunta suka riƙa kawo kunu da farfesu har na gaji da ci. Da aka nuna mini abin da aka ciro a cikin kwano, na ce wannan ne na riƙa yi wa addu'ar ya zama namiji? Har nas sai da ta yi dariya. Sakamakon gwaji ya daɗe kafin ya dawo, kuma ba zan ce ban ji tsoro ba a wannan jiran, amma tsoro ne na wadda ta san abin da take jira. Ya dawo lafiya lau. Daga baya Allah ya ba mu 'ya mace, ita ce yanzu ke yi mini faɗa in na manta shan maganin hawan jini.

Tun daga lokacin na zama mai raka mata asibiti a unguwarmu. Na ga waɗanda nasu ya zama irin nawa, na ga waɗanda nasu ya zama mai yaɗuwar, wasu cikinsu ma sun warke don an gano da wuri. Abin da na koya shi ne, kalmar da ka ji rabinta ta fi wadda ba ka ji ba sam haɗari, kuma babu kunya a rashin sani a gaban likita. Shi ya sa duk matar da na raka, kafin mu shiga nakan riƙe hannunta in ce, "In likita ya faɗi abin da ba ki gane ba, kada ki tashi daga kujerar nan sai ya faɗe shi da harshen da kike mafarki da shi."