Farin Fentin da Na Shafa

Ina wanke tsumman jaririn yayata a tsakar gida na ji ƙarar. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na leƙa ɗakin Kaka, sai na ga silin ya yi ciki, daidai saman katifar da ita da jaririn suke kwance.

Gidanmu na bayan garin Jega, Yaya ne ya tsara shi, babban wanmu, kafinta. Bangayen ciki na katako ne, ana kwance su da sifana a matsar. In wani ya yi aure a yanka masa ɗaki, in baƙi sun yi yawa a haɗe biyu. Ginshiƙan da ke ɗauke da rufi kuwa ya shafa musu jan fenti, ya ce komai za a yi kada a taɓa su.

Ni na rufe jan nan. Gab da Sallah na ga ya ɓata ɗaki, na bi komai da fari. Har yabona aka yi.

Da yayata ta zo wankan gida daga Maiyama, Baba ya ce a haɗe ɗakinta da na Kaka. Yaya yana Aliero yana kafa rumbunan albasa. Na ce na iya, ai na sha gani. Katako uku suka fita salin alin. Na huɗun ya yi gardama, sai da na sa taɓarya.

Da na ga silin nan ya yi ciki, ban san lokacin da na suri jaririn na finciko Kaka waje ba.

"Ke ƙawata, mi na yi miki kike ja na awa buhun gero? Gorona fa yana ciki!" in ji Kaka.

Na nuna mata silin ta ƙofa.

Yaya ya iso bayan la'asar. Ya duba rufin, ya je bayan madafa inda na jingine katakon, ya kankare shi da farce. Ja ya fito.

"Wa ya yi fentin ga?"

"Ni na sa a yi," in ji Kaka, ko ido ba ta ƙifta ba.

Da ta bar shi ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Yaya, ba ita ba ce. Ni ce. Ni kuma na fidda shi."

Ya tokare rufin da azara biyu, ya mai da ginshiƙin, ya ɗaure. Ana kiran magariba ya fito yana kakkaɓe riga, ya miƙo mini gwangwanin jan fenti da buroshi.

"Ku shiga, ba abin da za ya faɗo. Ke kuma gobe ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ni zan nuna miki."