Ƙarafan Bayan Motar Baba

Ƙanena ya cire ƙarafan bayan motar Baba ya ba maƙera, bai ko tambaye ni ba. Laifinsa ke nan, ba zan tsaya zagaye-zagaye ba.

Motar tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufawa da tanti. Da ita Baba ya ciyar da mu. Lokacin sanyi, in kogi ya cika, yana kwasar salati da tumatir daga garaken Gamkalle zuwa kasuwa. Da rani kuma ya nufi Tondibiya ɗaukar yashi. Kayan sun fi ƙarfinta, sai ya yi mata dabarar direbobin zamanin. Akwai dogayen ƙarafa da ke jere bisa juna saman ƙafafun baya, muna ce musu lam, su ke riƙe nauyi. Duk sa'ad da motar ta fara zama da gindi, sai Baba ya samo wani lam daga matacciyar mota ya ƙara. Daga nan a yanka tsohuwar robar cikin taya tsiri-tsiri, a naɗe su tam kamar ana ɗorin karaya.

Wa ke naɗin? Ni. Don haka ma aka cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, wai hannuna yana shiga inda na Baba ba ya shiga. Har yau in na ji warin roba mai zafi da baƙin mai, bayana ke fara tunawa kafin kaina, saboda yadda ƙasar bazara ke ƙona shi ta cikin riga.

In mun gama, sai a gwada. Baba ya kira autanmu, wanda ya dawo daga lakwal da rigarsa fes, ya ɗaga shi ya ɗora a bayan motar.

"Yi tsalle, ɗan biro!"

Shi yana sama yana tsalle yana dariya, ni ina kwance a ƙasa ina sauraron inda ƙarfe ke kuka, tsatsa da busasshiyar laka suna zubo mini a ido. Sai Baba ya leƙo ya ce, "Kai, me ta ce?" In na ce ta yi shiru, sai ya shafa kan mai tsalle. Na san kansa ne kusa da hannu. Amma dai kansa ake shafawa.

Bayan rasuwar Baba motar ta zauna a ƙofar gidan Inna, kaji suna ƙwai a cikinta. Kullum ina cewa zan tada ta, gyaran motocin mutane bai bar ni ba. Shi kuwa auta ya zama babban ma'aikacin biro, wato ofis, gidansa a unguwar Dar es Salam. Wata rana ya sa aka ja ta zuwa wani garaji na yara masu injin ɗaga mota sama. Ni yayansa bakanike ne, amma a bakin maƙwabta na ji labari.

Ran wata Juma'a bayan masallaci ya kawo ta, shi da matarsa. Fenti sabo, kujeru sababbi. Wannan bai dame ni ba. Ya ɗauki Inna suka zaga ta hanyar nan mai ramuka, ta sauko tana dariya.

"Ashe haka motar nan take da taushi? Shekarun da na yi ana daka na a cikinta kamar gero a turmi! Allah Ya yi maka albarka, auta."

Dakan nan da take faɗi, aikin hannuna ne. Da shi aka sayi littattafansa.

Ya ce mini, "Yaya, lam sababbi ne, ƴan kaɗan masu laushi, da sabon amartisar mai shanye girgiza. Ai ba kaya za ta sake ɗauka ba."

Na ce, "Ina na da?"

"Tsoffin? Robar ta ruɓe, an zubar. Ƙarafan na ba maƙera, sun ce suna yin adda mai kyau. Zo hau mu zaga."

Ban hau ba. Da rigar Juma'ata na kwanta na shige ƙarƙashi, na ce masa ya hau baya ya yi tsalle. Ya yi dariya, ya dubi matarsa, ya tattare babbar riga ya hau. Ƙato mai tumbi yana tsalle, motar tana lilo a hankali, ko ƙis. Na shafa, na leƙa, na nemi aibi ko guda. Babu. Yaran sun iya aiki. Babu kuma ko wuri ɗaya da hannuna ya gane. Yanzu ba a buƙatar yaro mai ƙaramin hannu, inji ke ɗaga mota, mutum ya tsaya a miƙe da tsabtarsa.

Ya leƙo, daidai yadda Baba ke leƙowa. "Yaya, me ta ce?"

Na fito na karkaɗe rigata, na dube shi ido cikin ido.

"Ta yi shiru. Je ka Inna ta shafa maka kai, ka saba. Lakwal aka ba ka, biro aka ba ka, saman motar ma kai aka ba. Ƙarƙashinta kaɗai ne nawa a gidan nan, ban taɓa roƙon kowa wani abu ba. Shi ma ka bi ni can ka kwashe. Faɗa mini wane maƙeri ne, in je in sayi adda."