Miyar Da Na Hana Wa Nama

Har yau ban sani ba: kuɗin da aka ƙwato daga hannun mugu, in aka biya mai gaskiya da su, sun wanku ko ba su wanku ba? 'Yata ce ke rubuta mini wannan, ni ban yi karatu ba.

Shekarun baya, maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana yi wa kotu tafinta a Downtown, tsakiyar birnin da muke zaune a ƙasar waje, idan an kawo Bahaushen da ba ya jin Turanci. Wata Juma'a abokinsa ya tsokane shi a gabana: "Alhaji, ashe kuɗin 'yan ƙwaya kake ci? An ce da dukiyar da aka ƙwace musu ake biyan hidimar kotu."

Ko gaskiya ne ko zolaya, ban bincika ba. Na ce ya bar aikin. Naman da ya sayo ma na ƙi taɓawa. Kwana shida ina ba shi tuwo da miyar kuka tsura, ina ji da kaina wai ni mai tsoron Allah.

Ran na bakwai aka kira shi kotu. Wani dattijo ne ɗan zangon Ghana, ana tuhumarsa da satar kaya a wurin aikinsa. Na tare ƙofa. Ya ce, "Hajiya, mutumin nan duk abin da aka faɗa masa 'yes sa' yake cewa, don ladabi. Sun ɗauka ya amsa laifi. In ban je ba, ladabinsa zai ɗaure shi." Na matsa gefe, na ba shi hanya.

Ya je ya juya maganar dattijon kalma-kalma, alƙali ya gane bai ma fahimci tuhumar ba. Da aka sake bincike, aka sallame shi.

Kuɗin tafintar kuwa bai ƙara shigo da su gida ba, gyaran banɗakin masallaci yake kai su, ya ci gaba da tuƙa tasi, sana'arsa ta kullum, don cefanenmu. Ni na tsaya tsoron tukunyata, shi ya duba mutum. In na tuna, kuka nake yi, amma kaina a sama yake, don ni ce matarsa.

Ranar da zai rasu na kai masa miya asibiti. Ya leƙa kwanon, bai ga nama ba, ya yi murmushi, ya ce, "Hajiya, gobe ki sa nama. Na kuɗin tasi ne."