Tallan Man Gyaɗar Gwaggo Ladi

Har yau ban manta da ranar da na kusa kayar da ɗalibina Habibu ba, kuma ku sababbin malamai gara ku ji. Lokacin ina babban malami a sashen kasuwanci, ina koya wa 'yan ajin ƙarshe sadarwa. Aikin da muke ba su shi ne kowa ya nemi mai ƙaramar sana'a a garinsu, ya shirya masa talla ta waya. Takardar ba da maki ni na tsara ta: hoto, rubutu, sauti, kowanne da kasonsa. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Kowa ya kawo bidiyo mai kiɗa da launi. Habibu, ɗan Makoɗa, sai ya kawo mini saƙon murya na minti ɗaya, wai tallan man gyaɗar gwaggonsa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ina hoton? Ina rubutun? Ni za ka raina wa hankali?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, masu sayen man ba sa karanta boko, wayoyinsu kuma ba sa buɗe bidiyo."

Na kai maganar gaban shugaban sashe. Farfesa ya ce, "Kafin ka sa jan biro, je ka duba. Gani ya kori ji."

Ranar Asabar, ana tsakiyar cirar gyaɗa, na shiga bas zuwa Makoɗa ina ƙunƙuni. A tasha na ce wa mai babur ya kai ni gidan mai man gyaɗa. Ya yi dariya, ya zaro 'yar wayarsa mai madannai ya kunna. Muryar Habibu ce: sallama, gaisuwar gona, yabon mai, sannan kwatancen gidan, bayan masallaci, mai darbejiya a ƙofa. Ashe daga waya zuwa waya ake tura saƙon, babu ruwansu da data.

Da muka isa gidan, Gwaggo Ladi ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ka makara, tun hantsi man ya ƙare. Yaron nan ya hana ni hutawa." Kunya ta kama ni wallahi, amma na ji daɗi har raina.

Ran Litinin kwamitin sashe ya amince aka ba shi makinsa, muka kuma ƙara tambaya a saman takardar: wa ake so saƙon ya kai wa, kuma ya kai? Kuskurena shi ne a ofis na tsara ta, ina kallon wayata maimakon wayar mai saye. Habibu ya kammala tare da 'yan ajinsu. Ni dai ko kwalba ɗaya ban samu ba.