Na auna rufin Hajiya da darduma

Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya hau samanmu da azahar ba takalmi: ɗakin da ke saman gidanmu a unguwar Harra ta Gabas, in ka bar ɗanyen ƙwai a ciki, kafin ka sauko ka ɗebo gishiri ya dahu. Rufin kwano ne. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta gurnani, kwanon na yi masa dariya. Kuma a nan mahaifiyata Hajiya take kwana. Ranar da nake ba ku labari, za a sallamo ta daga asibiti bayan la'asar, likita kuwa ya ja min kunne: zuciyarta ba ta son zafi ko kaɗan.

Mun tashi da asuba ni da maƙwabcina ɗan Maraɗi, a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, muka nufi wajen unguwar Jurf neman azil, audugar nan da ake shimfiɗawa tsakanin silin da kwano ta tare zafi. Awo kuwa na riga na yi. Abin awo ya ɓata a gidan, sai na kwaso dardumomin salla na jera su a ƙasan ɗakin har suka rufe ko'ina. Goma sha huɗu. Har na yaba wa kaina.

Titi fayau, baƙaƙen duwatsun Harra suna ta shirin gasa mutane. Muka tsaya cin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa mai zafi, amma ni ko taɓa nawa ban yi ba, ina ta tuno numfashin Hajiya ranar da muka sauko da ita za mu kai ta asibiti. Maƙwabcina ya cinye nasa ya taya ni da nawa, wai kada a yi almubazzaranci.

A shagon, mai kaya ya ce da Larabci, "Kam mitir?" Wato mita nawa.

Na ce darduma sha huɗu.

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcina, ya tashi ya ɗauko dardumarsa ya auna ta, ya buga lissafi. Ya tambayi kauri, na ce wanda zai sa uwata ta nemi bargo. Ya ce in ƙara naɗi ɗaya saboda tsaro. Da na ji farashin sai na ce masa mu 'yan Kano ba ma kuskuren awo.

Dawowa ita ce tashin hankalin. Mun ɗaure kayan a baya, iska na kaɗa su, motar na rawa kamar za ta tashi sama. Wuyana ya ƙage don waige. Ga waya daga asibiti, wai an fara shirya takardu.

Muka hau, muka cusa kai cikin silin, muka fara shimfiɗa daga bakin ƙofa. Gumi har cikin kunne, audugar na cin jiki kamar ƙaiƙayi. Muna isa ƙuryar ɗakin, kaya suka ƙare. Na leƙo ƙasa in ga ina ne ya rage. Daidai kan gadon Hajiya, tsawonsa da faɗinsa. Ashe da nake jera darduma, zagaye gadon na yi.

Na duba agogo. Shago ya rufe sai yamma, lokaci ya tafi. Muka ja gadon zuwa bakin ƙofa, muka tura akwatuna ƙarƙashin wutar da ke saukowa ta inda azil bai kai ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min: rufi ake aunawa, ba inda ƙafa ke takawa ba, kuma in mai kaya ya ce ƙara ɗaya, ka ƙara.

Hajiya ta shigo a hankali, ta ji sanyi, ta zauna. Sai ta tambayi wanda ya kai mata gado bakin ƙofa kamar mai gadi. Na kwashe labari na faɗa mata, ina jiran addu'a. Ta ce:

"Ka gode wa Allah da darduma ka auna. Da da hankalinka ka auna, ko kan filo ba zai rufu ba."